In Kiɗa Ya Sake, Ko Rawa Takan Sake?

Mai karatu, ga wani abu da za ka iya gwadawa da kanka. Ka tuna da wani jawabi da ka ji bara, ko na malami ko na ɗan siyasa, ka ga ko za ka iya maimaita kalmomi goma daga cikinsa a jere. Sa'an nan ka tuna da waƙar da ka koya tun kana yaro. Za ka iske ta tana nan sarai, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba. Dalili kuwa shi ne, magana takan tsaya a ƙofar zaure ta yi sallama, mai gida ya fito ya dube ta, in ya yarda da ita ya shigar da ita, in bai yarda ba ya sallame ta. Waƙa ba ta yin sallama. Takan haura danga, kafin ka farga tana tsakar gida, yara suna rera ta, kai ma kana kaɗa kai ba ka sani ba.

Tun da ya ke haka ne, akwai tambayar da ta kamata mu yi. Mawaƙin da ya yi suna, wanda a ke jin muryarsa a kasuwa da tasha da cikin mota, in yana da ra'ayi a kan mulki ko a kan Allah, me ya ke yi wa zukatan masu jinsa? Yana juya su ne kamar mahayi da linzami? In kuwa suka bi shi suka faɗa rami, alhakin yana wuyan wa, nasa ko nasu? Kada mu amsa da ka. Gara mu ɗauki mutum guda wanda labarinsa ya ke a fili, wanda kuma ya haɗa siyasa da addini cikin waƙarsa, mu bi sawunsa mu ga inda zai kai mu. Mutumin nan shi ne Bob Marley, mai kiɗan rege.

An haife shi ran 6 ga Fabrairu 1945 a ƙauyen Nine Mile cikin Jamaika, wani tsibiri can hayin teku, kudu da Kuba. Yawancin mutanen tsibirin nan jikokin bayi ne waɗanda aka kwaso daga Afirka don noman rake. Ubansa farar fata ne, uwarsa baƙa, uban kuwa bai zauna da su ba. Yaron ya yi girma a Trench Town, unguwar matalauta a birnin Kingston, a nan ne kuma ya gamu da addinin da a ke kira Rastafari.

Ga yadda addinin ya samo asali. Ran 2 ga Nuwamba 1930 aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarautar Habasha, ya ɗauki suna Haile Selassie. Cikin kirarin sarautarsa akwai Sarkin Sarakuna, da Zakin kabilar Yahuza. Labari ya kai Jamaika, inda talakawa sun riga sun ji koyarwar Marcus Garvey, cewa baƙin mutum ya ɗaga kansa ya dubi Afirka. Waɗansu masu wa'azi, kamar su Leonard Howell, suka buɗe Littafi Mai Tsarki, suka iske irin wannan kirari cikin Ru'ya ta Yohanna, suka ga an ambaci Habasha cikin Zabura ta 68, sai suka ce ai wannan sarki shi ne Allah cikin jiki, shi zai fisshe su daga bauta ya komar da su gida. Duniyar masu zalunci kuma suka sa mata suna Babila. Da yawa cikinsu suka bar gashin kansu ba aski ba taza har ya murɗe ya yi igiya-igiya, suna kafa hujja da dokar keɓaɓɓu cikin Littafin Lissafi sura 6. Suka mai da shan tabar wiwi wani sashi na ibada, ko da ya ke masu tsanani a cikinsu ba su shan giya, ba su cin naman alade.

A Jamaika ba a ɗauke su bakin kome ba. Ba a ba su aiki, ana korar 'ya'yansu daga makaranta sabo da gashi. A watan Afrilu 1963, bayan wata tarzoma a Coral Gardens inda aka yi asarar rayuka, 'yan sanda suka kama su fiye da ɗari, suka duke su, suka aske musu kai da ƙarfi. To, cikin waɗannan rainannun mutane ne Marley ya shiga, wajen 1966, shekarar da Haile Selassie ya kai ziyara Jamaika, jama'a suka cika filin jirgin sama har sarkin ya daɗe bai iya saukowa ba. Daga 1973, sa'ad da kamfanin Island na Landan ya soma fitar da faya-fayansa, sai sunan Jah, watau Allah a bakinsu, da sunan Selassie suka shiga kunnen duniya duka.

Kada mu rage wa waƙa ikonta, gama ta yi aiki na gaske. A watan Oktoba 1963 Haile Selassie ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a kan wariyar launin fata, yana cewa salama ba za ta zauna ba muddin ana fifita wani jinsi bisa wani. Aka tafa masa, aka ajiye jawabin cikin takardu kamar sauran jawabai. A 1976 Marley ya ɗauko kalmomin nan kusan yadda su ke, ya sa musu kiɗa, ya kira waƙar War. Daga nan miliyoyin mutane waɗanda ba su taɓa jin labarin jawabin ba suka haddace shi. Haka kuma a Zimbabuwe, mayaƙan neman 'yanci sun ji ya yi waƙa da sunan ƙasarsu tun suna daji, aka kuwa gayyace shi bikin samun mulkin kai a Afrilu 1980, ya tafi da kayan kiɗansa da kuɗin aljihunsa. A gida ma, mutanen da a ke yi wa askin dole suka zama abin fahariyar ƙasa. A 2015 dokar Jamaika ta yarda musu da wiwi don ibada, a 2017 kuma gwamnati ta roƙe su gafara a kan abin da aka yi musu a Coral Gardens. Ba Marley kaɗai ya jawo wannan ba, amma da wuya a ce da ba shi da an kai nan. Yaro baƙi wanda aka koya masa jin kunyar fatarsa ya ji murya daga akwatin rediyo tana gaya masa shi ɗan gidan sarauta ne. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Amma bari mu duba iyakar ikon nan, mu soma da siyasa. A wancan zamani Jamaika tana da manyan jam'iyyu biyu, PNP ta Michael Manley da JLP ta Edward Seaga, kowace tana da 'yan bindigarta a unguwannin Kingston. 'Yan siyasa sun riga sun gane amfanin waƙa da na addinin talakawa. A zaɓen 1972 Manley yakan ɗaga wata sanda da ya ce Haile Selassie ne ya ba shi, magoya bayansa suna kiransa Joshuwa. A 1976 Marley ya shirya wasa kyauta don a kwantar da hankalin jama'a. Da aka tsai da ranar wasan, sai gwamnatin Manley ta sa ranar zaɓe kwana goma bayanta, wasan ya zama kamar na jam'iyya mai mulki. Ran 3 ga Disamba, saura kwana biyu, 'yan bindiga suka faɗa gidansa a Hope Road, suka harbe shi a hannu, suka harbi matarsa Rita a ka, suka yi wa manajansa Don Taylor mugun rauni. Ba wanda ya mutu. Ya hau dandali da rauninsa ran 5 ga wata, ya yi wasan, sa'an nan ya bar ƙasar fiye da shekara guda.

Ya komo a 1978 bisa ga roƙon shugabannin 'yan bindigan nan biyu, Claudie Massop na JLP da Bucky Marshall na PNP, waɗanda suka ce sun gaji da zub da jini. Ran 22 ga Afrilu, a babban filin wasa na Kingston, yana cikin waƙa ya kira Manley da Seaga su hau dandali, ya kama hannuwansu ya haɗa bisa kansa. Hoton nan ya zaga duniya, har yau ana buga shi a riguna. To, me ya biyo baya? 'Yan sanda suka harbe Massop a 1979, aka kashe Marshall a Niyu Yok a 1980, a shekarar zaɓen 1980 kuwa aka kashe mutum fiye da 800 a tsibirin da bai kai Kano ta yau yawan jama'a ba. Samarin da suka yi kisan nan ba baƙin waƙarsa ba ne. Sun haddace ta, watakila ma suna rera ta sa'ad da su ke goge bindiga. Waƙa ta iya sa su rungumi juna dare guda, amma da gari ya waye, aiki da gida da abinci suna hannun ɗan siyasa, ba suna hannun mawaƙi ba.

A wajen addini abin ya fi ban mamaki. Mutumin da ya yi shekara goma sha yana wa'azin Rastafari da murya irin wannan, ka ce rabin ƙasarsa za ta bi shi. A ƙidayar Jamaika ta 2011, waɗanda suka ce su Rastafari ne kimanin 29,000 ne cikin mutum wajen miliyan 2.7, watau ɗaya cikin ɗari. Sauran fa? Suna ƙaunarsa, suna rawa da kiɗansa ran Asabar, ran Lahadi kowa ya tafi majami'arsa. A ƙasashen waje kuma kowa ya tsinci abin da ya ke so. Ɗalibi a Faransa ko Amurka ya ɗauki wiwi da tutar ja da ruwan ɗorawa da kore, ya bar Zabura da Marley ke karantawa. Wanda a ke zalunta ya ɗauki kukan 'yanci, ya bar Selassie. Mu ma mun ga samarinmu da gashi igiya-igiya, ana kiransu Rasta, in ka tambayi waɗansunsu ko wane ne Ras Tafari sai su dube ka. A 2014 iyalinsa suka ƙulla ciniki da wani kamfani a Amurka don a sayar da wiwi da sunansa. Mutumin da ya yi ta zagin Babila, ga shi Babila ta sa shi a kanti.

Ba a kansa kaɗai aka ga wannan ba. Cat Stevens na Ingila ya musulunta a 1977, ya zama Yusuf Islam, ya ajiye jitarsa shekaru da yawa, masoyansa kuwa suka ci gaba da jin tsofaffin faya-fayansa abinsu. Bob Dylan na Amurka ya bi Almasihu, a ƙarshen 1979 ya ƙi rera kome a dandali sai waƙoƙin bishara, a waɗansu garuruwa masu kallo suka yi masa ihu. Da mawaƙi mai linzami ne, da doki bai ka da shi haka ba.

Sabo da haka ni a ganina waƙa ta fi kama da ruwan sama. Ruwa ba ya shuka, amma abin da ke cikin ƙasa, ko dawa ko ƙaya, shi zai fito da shi, ya ba shi ƙarfi. Mai jin haushin zalunci, waƙa takan ba haushinsa baki da ƙafa. Mai neman hujjar shan wiwi takan ba shi hujja, har da aya. Wannan ya ɗora wa mai ji kaya mai nauyi, gama ba shi da ikon cewa mawaƙi ne ya ɓad da shi, alhali shi ya zaɓi ɗangon da zai riƙe ya bar sauran. Sai dai misalin nan yana da gurbi guda da bai rufe ba, watau yaro. Ɗan shekara goma sha huɗu gonarsa ba a gama shuka ta ba tukuna, ruwan kuma yakan zo da iri a cikinsa. Abin da ya fara ji da daɗi, shi yakan ɗauka gaskiya ne. A nan kam mawaƙi ba shi da mafita. Wanda ya san muryarsa tana haura danga, wajibi ne ya kula da abin da ya ke ɗauke da shi, tun da ya san ba manya kaɗai ke tsakar gida ba.

Wani zai ce, ai Marley ba mayaudari ba ne, abin da ya gaskata shi ya rera. Gaskiya ne, ya kuwa biya kuɗinsa. A 1977 likitoci suka ga ciwon daji a babban yatsan ƙafarsa, suka ce a yanke yatsan, ya ƙi, yana kafa hujja da addininsa. Ciwon nan ne ya kashe shi. Amma a nan ne hatsarin ya ke. A ƙasar Hausa mun saba da maroƙi da makaɗin fada, kowa ya san an ba shi riga da doki, sabo da haka in ya ce wa sarki giwa ba wanda ke neman ya ga haure. Mun iya rage wa maganarsa nauyi. Wanda ba mu iya rage wa ba shi ne mawaƙin da ya ke rerawa da zuciya ɗaya, hawaye a idonsa. Mukan ce, mutum ba zai yi waƙa haka ba sai in gaskiya ce. Ashe kuwa abin da muryarsa ta tabbatar shi ne ya gaskata. Ba ta tabbatar da abin da ya gaskata ɗin ba. Mutanen Habasha sun san Haile Selassie ta wata fuska. Sun san shi sarki ne wanda ya tsaya wa Italiya sa'ad da ta mamaye ƙasarsu a 1935, sun kuma san yunwar Wollo ta 1973, wadda ta kashe dubban talakawa gwamnatinsa tana rufe labarin. A Satumba 1974 soja suka tuɓe shi, a Agusta 1975 ya mutu a tsare. Shi kansa Kirista ne na Ekklesiyar Otodoks ta Habasha, ya kuma faɗa da bakinsa cewa shi mutum ne. Da labarin mutuwarsa ya kai Jamaika, Marley ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya yi waƙar Jah Live, ma'anarta Allah ba ya mutuwa. Waƙa ce mai daɗi ƙwarai, ta kuma ƙarfafa zukatan da suka karai, amma daɗinta bai ta da sarkin ba.

Saura abu guda, shi ne kuwa ya fi damuna. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wannan gaskiya ne a dandali, inda makaɗi da mai rawa su ke duban juna. Amma tun da aka yi faifai da kaset, balle wayar hannu, kiɗa ya rabu da makaɗinsa. Mawaƙi mutum ne, yana girma, yana sake tunani, wani lokaci yakan ga abin da bai gani ba da. Faifai kuwa ba ya sake tunani. Mun ga ƙaramin misalin wannan a gida. A zaɓen 2015 waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara na yabon Muhammadu Buhari sun cika kasuwa da tasha, a 2023 kuma, bayan Buhari ya sauka, shi mawaƙin ya zauna gaban 'yan jarida ya soki mulkinsa. Yana da ikon sake ra'ayi, kamar kowa. Amma ƙuri'ar da aka jefa ana rawa ba ta fitowa daga akwati, magana kuwa zarar bunu ce.

Na Marley ya fi wannan nauyi. Bayan ziyarar 1966 Haile Selassie ya sa aka aika da malamin ekklesiyarsa zuwa Jamaika, wanda daga baya ya zama Abuna Yesehaq, don ya koya wa masu yi masa sujada su bauta wa wanda shi kansa ya ke bauta wa. A hannun wannan malami ne, ran 4 ga Nuwamba 1980, sa'ad da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, Marley ya karɓi baftisma, aka sa masa suna Berhane Selassie, watau Hasken Triniti. Waɗansu sun ce da wannan ya bar koyarwar allahntakar sarkin. Waɗansu sun ce a'a, ya shiga majami'ar sarkinsa ne kawai, kamar yadda Rastafari da yawa suka yi. Ana gardamar nan har yau, domin bai sake shiga ɗakin ɗaukar murya ba. Ya mutu a Miyami ran 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. A jana'izarsa firistocin Otodoks da 'yan Rastafari suka raba hidima, Seaga, wanda ya zama Firayim Minista, ya yi jawabin yabo, Manley yana wurin. Cikin mutum dubu da suka haddace waƙoƙinsa, nawa ne suka taɓa jin labarin baftismar nan? Mataki mafi girma da ya ɗauka a ƙarshen ransa shi ne wanda bai sa masa kiɗa ba, sabo da haka ya tsaya a ƙofar zaure yana sallama, waƙoƙin 1975 kuwa suna tsakar gida.

A 1992, bayan faɗuwar mulkin soja a Habasha, aka tono ƙasusuwan Haile Selassie daga ƙarƙashin wani gini a fada. Ran 5 ga Nuwamba 2000 aka binne su a babbar majami'ar Triniti ta Addis Ababa, Rita Marley tana cikin waɗanda suka halarta. Rastafari da yawa suka ƙi yarda cewa ƙasusuwansa ne.